Alhaji Haladu da Hancin Aro

Wani mutum ne a garinmu, Alhaji Haladu Mai-Niƙa. Injinan niƙa huɗu gare shi a bakin kasuwar hatsi, ga tumbi da yake riga shi shiga ɗaki, ga baki da ba ya hutawa sai in tuwo ya shiga. Duk abin da ka sani, Alhaji ya riga ka. In ka ce ka je Legas, shi a can ya koyi tafiya. In ka ce kanka na ciwo, shi nasa ya taɓa tsagewa biyu, ya ɗaure da rawani ya tafi kasuwa.

Amma abin da ya fi cika baki a kansa duk duniya shi ne injin numfashinsa.

Alhaji yana da larurar nan ta ɗaukewar numfashi cikin barci. Yana minshari, gurrr, gurrr, sai ka ji ɗif, kamar an ɗauke wuta. Sai ka fara salati, sannan ya zabura, ƙaaa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka kai shi asibiti a Masar, suka haɗo shi da wani inji mai tiyo da takunkumi, wanda ke hura masa iska a hanci in ya kwanta. Ƙato ne, kamar akwatin rediyon mutanen da. Alhaji ya raɗa masa suna Janar.

Kullum da la'asar muna zaune a ƙofar shagon Tanimu tela, sai Alhaji ya iso ya cinye rabin benci, ya buɗe babin Janar.

"Ƙirar Jamus ne! Guda uku kacal aka ƙera. Ɗaya yana wurin wani attajiri a ƙasar Larabawa, ɗaya ya nutse a teku, ɗaya yana ɗakina."

Tanimu, wanda harshensa ya fi almakashinsa kaifi, ya ce, "Wanda ya nutse ɗin ya huta."

Gaskiyar magana, Janar ya daɗe da tsufa. Tiyonsa ya tsage wuri uku, an naɗe da robar tayar keke. Iskar da yake hurawa ko ashana ba za ta kashe ba. Ƙara kawai ta rage masa, ƙwar-ƙwar-ƙwar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Shi ya sa Alhaji bai samun barcin kirki, sai ya riƙa ramawa da rana. Yana cikin ba mu labarin yadda ya kori 'yan fashi bakwai, kafin ya kai kan na huɗu sai ka ga haɓa ta sauka a ƙirji.

Ran nan abin ya wuce wasa. Yana tuƙi ya iso shatale-talen tasha, gyangyaɗi ya kwashe shi. Mota ta saki hanya ta nufi tulin kankanar wani bawan Allah. Fas! Fas! Fas! Gilashi ya yi jajawur. Mata suka ɗora hannu a ka, maza suka rugo suna salati, kowa ya ɗauka jini ne. Aka ɓalle ƙofa, sai ga Alhaji lafiya lau, da ɓawon kankana a kan hula.

Ya ce, "Birki ne ya shanye! Ba don ƙwarewata ba, da tashar nan kaf ta tashi."

Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma matarsa Hajiya Uwani ba ta sayi zancen birki ba. Ta zare makullin motar ta jefa a jakarta, ta kira 'yarsu Saratu, wadda take aikin nas a Kaduna. Washegari Saratu ta iso ta tasa ubanta gaba sai Zariya, wurin wata likitar barci. Likita ta duba Janar, ta girgiza kai, ta ce a kai shi gidan tarihi. Saratu ta saya masa sabon inji. Aka yanka masa sharaɗi: ya kwana da shi kwana ashirin da ɗaya. Injin da kansa yake ƙirga awannin barci ya aika wa likita a kwamfutarta. In sakamako ya yi kyau, makulli ya dawo. In bai yi ba, shi da sitiyari sai a mafarki.

Sabon injin ɗan mitsitsi ne, bai fi burodi guda ba, kuma ko tari ba ya yi. Alhaji ya kalle shi sama da ƙasa.

"Wannan? Ni da na yi shekara talatin cikin injina? Injin da ba ya ƙara ai ba inji ba ne, kayan ado ne."

Duk da haka, da ya tuna makulli, bayan azahar ya shiga turaka ya kulle ƙofa, ya ɗaura takunkumi ya danna. Fuuu! Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana shaƙar iskar Janar, yau ga iska ta gaske. Kumatu suka kumbura, ido ya firfito, ya buɗe baki zai yi magana iska ta fito ta nan. Tim! Ya faɗo daga gado.

"Wayyo Allah! Uwani! Zai fasa ni!"

Har shagon Tanimu aka jiyo ihun. Amma da la'asar sai ga shi ya iso yana taku ɗai-ɗai.

"Na gwada abin wasan yaran nan. Numfashi ɗaya na ja, saura kaɗan ya shige hancina gaba ɗaya, har da wayarsa. Ƙirjina ya fi ƙarfinsa."

Tanimu ya ce, "To ihun da muka ji fa?"

"Injin ne ya yi."

Kwana biyu Alhaji yana hawa acaɓa zuwa kasuwa. In ya zauna a baya, tayar gaba sai ta ɗaga kamar za ta yi gaisuwa. Masu awo suna dariya a ɓoye, masu dako ba sa ma ɓoyewa. Abin ya ci masa rai. Makulli yake so, sabon inji kuwa tsoronsa yake ji kamar maciji. Ya zauna ya saƙa ya kwance, har dabara ta faɗo masa.

Akwai Mamuda, maigadin kasuwar hatsi, wani siririn dattijo marar hayaniya. Dare yake kwana yana zagaye da tocila, da safe ya shige wani ɗan ɗaki a bayan shagon Alhaji, inda akwai wutar sola, ya yi ta barci har la'asar. Alhaji ya same shi yana shimfiɗa tabarma.

"Mamuda, hancinka nake so ka ara mini."

Mamuda ya dafe hanci. "Ranka ya daɗe, guda ɗaya ne gare ni."

"Ba cirewa za a yi ba, kai! Wannan abin za ka ɗaura ka yi barcinka. Shi ke nan. Kullum akwai shayi mai kauri da burodi da ƙwai biyu."

"Ba ya cizo?"

"Ni ma da shi nake kwana, ka ga ya cije ni?"

Mamuda ya ɗaura. Fuuu! Ko gezau bai yi ba. Ya lumshe ido ya ce, "Kai, Alhaji, kamar iskar bakin kogi." Kafin a ƙirga goma barci ya tafi da shi.

Alhaji ya fito yana shafa tumbi. A ransa ya ce, inji awa yake ƙirgawa, ina ruwansa da mai hanci?

Haka aka jera. Da sassafe ya cusa injin cikin babbar riga ya kai wa Mamuda. Da magariba ya dawo da shi ya ajiye a gefen gado, inda Hajiya za ta gani. Shi kuwa ya rungumi Janar ɗinsa. Da Hajiya ta ce har yanzu tana jiyo ƙwar-ƙwar da gurnani daga turaka, sai ya ce, "Janar nake kunnawa a gefe ya taya ni hira. Sabo ne, Uwani. Ba a yar da tsohon aboki rana ɗaya."

A majalisa kuma labari ya sauya. Yanzu wai ya hore sabon injin.

"Da farko ya so ya yi mini taurin kai. Na ce kai, ka san da wa kake? Yanzu in na shigo ɗaki har ƙyafta mini fitila yake."

Ya faɗi haka, ya yi hamma, haɓa ta sauka a ƙirji. Mamuda kuwa ya yi ƙiba, fuska ta yi sheƙi, har an fara jin yana waƙa a bakin aiki.

Ranar komawa asibiti ta zo. Alhaji ya ce lallai sai Tanimu ya raka su.

"Ina son mai shaida. Ka ji da kunnenka, ka zo ka faɗa wa 'yan hassada."

Likita ta riga ta ce ba sai an zo da injin ba, komai yana wurinta. Don haka da safe Alhaji ya lallaɓa ya kai wa Mamuda kamar kullum, wai don kwanaki su cika cif, kada a samu giɓi ko na awa ɗaya. Ya sha shadda mai maiƙo, ya kafa hula, suka hau motar haya su uku, shi da Hajiya da Tanimu. Tun daga garinmu har Zariya bakinsa bai rufe ba, sai sau biyu da barci ya rufe masa.

Wajen sha ɗaya da rabi aka kira su. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Alhaji ya zauna ya baje riga.

"'Yata, buɗe na'urar nan ki karanta musu. Da ƙarfi, don abokina kunnensa na da nauyi."

Likita ta danna, ta duba. "Masha Allah. Baba Alhaji, wannan sakamako ya yi kyau. In ban da kwana biyun farko, awa bakwai kullum, babu fashi. A da numfashinka yana ɗaukewa sau arba'in a awa guda. Yanzu da ƙyar ya kai sau ɗaya."

Alhaji ya buga cinya, ɗas! "Tanimu, ka ji? Sau ɗaya! Shi ma ɗayan ni na ga dama na tsaya in huta. Huhun doki gare ni! Uwani, miƙo makulli."

Hajiya ta buɗe jaka ta fara lalube. Likita ba ta ɗago ba, ta matso da fuska kusa da kwamfuta.

"Baba Alhaji, aikin dare kake yi?"

"Ni? Aikin dare? Allah ya kiyaye. Ina sallar isha nake kwanciya."

"To ai nan ya nuna kullum ƙarfe takwas na safe kake kwanciya, ka tashi uku na rana."

Hannun Hajiya ya tsaya cak a cikin jaka.

Alhaji ya yi wata 'yar dariya, he-he-he. "Ai agogon Turai ne a cikinsa. Ke yarinya ce, ba ki san injina ba. Darenmu ranarsu ce."

"Ni na saita agogon da hannuna, Baba."

"To sola ce ta rikita shi."

Hajiya ta ce, "Wace sola? Mu da ba mu da sola a gida?"

Likita ta ci gaba da bin layi da yatsa. "Har ranakun Juma'a. Uku a jere. Takwas zuwa uku, ko juyi babu."

Tanimu ya riƙe baki. "Innalillahi! Alhaji, Juma'a uku kana barci?"

"Ƙarya ne! Na je masallaci! Kai ba kusa da kai na yi sallah ba?"

"Haka ne, kusa da ni ka yi. Har ka jingina da kafaɗata lokacin huɗuba." Tanimu ya sosa ƙeya. "To in kana masallaci, wa ke barcin?"

Alhaji ya miƙe tsaye, riga ta yi fuu. "Ni za a yi wa ƙazafi? Ni Haladu? Hancina ne, barcina ne, numfashina ne! Na'urarku ce ta haukace! A kira babban likita!"

Likita ta ɗaga hannu. "Dakata, Baba. Ga saƙo yana shigowa yanzu."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta kalli kwamfuta, ta kalli Alhaji da ke tsaye yana huci, ta sake kallon kwamfuta.

"Baba Alhaji, bisa abin da nake gani, yanzu haka barci kake yi. Tun takwas da kwata ka kwanta, har yanzu ba ka farka ba. Kuma numfashinka lafiya lau."

Zuiii! Hajiya ta ja zif ɗin jakarta ta rufe, ta maƙale ta a hammata.

Alhaji ya koma kujera, jagwab.

Sai Tanimu ya tashi a hankali, yana sanɗa da yatsun ƙafa, ya sunkuya kusa da teburin likita, ya ɗora yatsa a leɓe ya yi raɗa:

"Likita, don Allah rage murya. Kada ki tashe shi."