Wandon Mai Lamba Biyar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je nema wa ƙanena Nasiru aure a Ƙofar Dundaye ba. Ko na so mantawa ma Baffanmu ba zai bari ba, don har gobe in na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko akwai sabon labarin ƙwallo.

Bari in fara gaya muku ciwona. Ni ina cikin mutanen nan da suka yi imani cewa ƙwallon ƙafa ta mutu tun kafin a haifi yaran yanzu. Muna da majalisa a ƙofar shagon wani tela a Tudun Wada, duk magidanta masu furfura a gemu, waɗanda in za su tashi daga benci sai sun dafa gwiwa sun yi salati. Da an sauko daga La'asar sai mu zauna mu yi ta zagin 'yan wasan zamani. Masu gyaran gashi, masu faɗuwa in iska ta taɓa su, masu birgima kamar an harbe su. Daga nan kowa ya ɗauko gwaninsa na da. Wani ya ce golansa ya taɓa kama fenareti da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. Wani ya ce nasa gwanin ya buga ƙwallo ta karya turke, sai da aka tsayar da wasa aka nemo kafinta. Ba mai musa wa wani, saboda akwai yarjejeniyar da ba a faɗa: ka bar min ƙaryata, in bar maka taka.

Nawa gwanin shi ne Ladan Zarto, ɗan gaban ƙungiyar unguwarmu na wancan zamanin. Zarto ake ce masa don yadda yake yanka 'yan baya. Kuma labarin da na fi ƙwarewa a kai shi ne na wasan ƙarshe tsakanin unguwarmu da 'yan cikin gari, ranar da ya yi wa wani mai tsaron baya mai lamba biyar wulaƙancin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba. Daga bakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na gaji labarin. Da farko nakan ce "Baba ya gani". Da tafiya ta yi tafiya sai ya koma "mun gani". Bayan rasuwarsa (ai babu sauran mai ƙaryata ni) sai ya zama "na gani da idona, ina tsaye a bayan raga". Ban taɓa zama na lissafa shekaruna nawa a lokacin ba. Na dai yanke wa kaina cewa ina da wayo.

To Nasiru ya ga yarinya, Hadiza, 'yar gidan malamai. Shi yaro ne mai shiru, ya daɗe yana bin maganar nan a hankali, an yi ta bincike a kansa kafin a ce ya turo magabata. Waliyyinta shi ne yayan mahaifinta, Malam Attahiru, tsohon alƙali da ya yi ritaya, mutumin da aka ce bai cika ba da 'ya'yan gidan waje ba. Tun da daddare Nasiru ke roƙona in sa babbar riga, in kuma yi ƙoƙari in zama kamar mutum mai nauyi. A mota Baffa ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai, gaisuwa kaɗai ta kai ka. In an ce amin, ka ce amin." Har na ji haushi. Ina da mata da 'ya'ya, ana min gargaɗi kamar ɗan firamare.

Aka sauke mu a zaure mai faɗi, an shimfiɗa darduma, littattafai a jere a kanta. Malam Attahiru yana kishingiɗe a kan buzu, dogo, siriri, farin gemu, farin rawani, carbi a hannu. Ƙannensa biyu suna gefensa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da gajiya da zafi, sai aka ce a ɗan jira mahaifin yarinyar, yana hanya. Shiru ya sauka. Ni kuwa shiru ba ya zama lafiya da ni, ji nake kamar ana bina bashin magana.

Can sai ihu ya tashi daga gidan kallon da ke bayan layin, an ci ƙwallo a wani wasan Turai. Ɗaya daga cikin ƙannen Malam ya girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su da aiki sai kallon ƙwallo. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai tambaye ni komai ba. Amma ni sai na ji kamar an buɗe min ƙofa an ce bismilla.

Na gyara zama na ce ai da ma ƙwallon suke kallo da da sauƙi, wannan rawa ce. Wanda bai ga Ladan Zarto ba bai ga ƙwallo ba. Na lura ƙannen nan biyu sun dubi juna, sai na ɗauka sha'awa ce. Baffa ya yi gyaran murya, na ɗauka ƙura ce ta shaƙe shi. Malam Attahiru ya tsayar da jan carbi ya ce, "Ka san Ladan?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, sani kai. A gabana ya yi abin da ya yi wa mai lamba biyar."

Ya ce in ba su labari.

Jama'a, ban taɓa ba da labarin nan da daɗi kamar ranar ba. Na kwatanta filin, na kwatanta jama'a har kan bishiyoyi. Na ce mai lamba biyar ɗin wani zabgegen mutum ne mai ƙafafu kamar muciya, ƙarfi kamar sa, ƙwaƙwalwa kuwa sai a hankali. Na ce tun kafin wasa yake cika baki wai zai sa Zarto a aljihu. Malam yana ta gyaɗa kai, lokaci-lokaci ya jefo tambaya cikin sanyin murya. A ina nake tsaye? Na ce bayan raga. Wace ragar, ta gabas ko ta yamma? Na ce ta gabas, ba tare da ko ƙifta ido ba. Wane launi ne wandon mutumin? Na ce fari. (Sai daga baya na tuna cewa mutumin nan ya shekara da shekaru yana yi wa masu shaidar zur irin waɗannan tambayoyi.)

Da na zo wurin yankan sai na ga baki ba zai wadatar ba. Na miƙe tsaye. A zauren surukai, cikin babbar riga mai sitaci. Baffa ya kama gefen rigar ya ja, na fizge. Na nuna yadda Zarto ya yi dama, ya yi hagu, ya zura ƙwallo ta tsakanin ƙafafun mutumin, ya zagaya ya ɗauka, sannan don tsabar rashin tausayi ya dawo ya sake zura masa. Sai na koma na zama mai lamba biyar. Na wage ƙafafu, na zaro ido, na saki baki, na yi taga-taga na zube da mazaunai a kan dardumar mutane, hulata ta gangara har gaban buzun Malam. Daga nan ƙasa na ƙarasa: wandon ya yage tun daga gaba har baya, mutumin ya fice daga fili yana rufe jiki da tutar mataimakin alƙalin wasa, Zarto ya jefa ƙwallo a raga, shi kuwa wancan bai tsaya ba sai Kwalkwalawa, inda ya kama noman albasa, bai sake shigowa gari ba don kunya.

Na jira dariya. A majalisarmu a nan ake faɗowa daga benci. A zauren nan kuwa ba ka jin komai sai fanka. Ƙanen Malam ɗaya ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu.

Malam Attahiru ya ɗauki hulata, ya kaɗe ta, ya miƙo min. Sannan ya ce, "Ka iya labari, ɗana. Gyara ɗaya zuwa biyu kawai. Wandon bai yage ba. Mazagina ne ya tsinke."

Na karɓi hular. Sai da na kai ta rabin hanya zuwa kai sannan kalmar ta iso ƙwaƙwalwata. Mazagina. Ba mazaginsa ba.

Ya ci gaba da jan carbinsa ya ce, "Kwalkwalawa kuwa an gan ni a hanyarta, gaskiya ne. Jami'a nike zuwa karatun shari'a, hanyar guda ce. Albasa dai ban samu noma ta ba, amma ina sha'awa."

Ina zaune a tsakiyar zaure, ƙafafu a miƙe, na rasa ko in tashi ko in ƙarasa kwanciya a yi min sutura. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne "amin". Wallahi amin na ce. Nan ƙanen nan ya kasa riƙewa, ya tashi ya fita waje, muna jin dariyarsa tana dukan bango.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Sai Malam ya ɗauko waya ya ce tunda ga masoyin Ladan ya zo, bai kamata ya tafi bai gan shi ba, ai maƙwabcinsu ne, ƙanwarsu ma yake aure. Ba a jima ba wani gajeren tsoho mai tumbi ya shigo yana dogara sanda, yana mitar an taso shi ana tsakiyar wasa. Daga gidan kallon nan yake. Ladan Zarto, wanda na shekara ashirin ina cewa ya fi duk 'yan wasan Turai, ashe kullum yana can a bencin gaba yana musu ihu.

Aka maimaita masa labarina a taƙaice (Malam bai tsallake muciya da sa ba, alƙali ne, ba ya rage shaida). Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce zura ƙwallon dai an yi, sau ɗaya, kuma shi ma bai yi niyya ba, tuntuɓe ya yi. Da ya ga wando a ƙasa dariya ta kama shi, ya buga ƙwallon ta bi ta saman turke ta faɗa gidan mutane. Attahiru ya ari wando ya dawo, kuma shi ya ci su da ka ana gab da tashi. Unguwarmu ce ta sha kashi. Na yi ƙarfin hali na ce amma dai ƙwallon da ta fi ta yanzu. Ya dube ni kamar mai tausayi ya ce su da suke shiga fili da cikin tuwo, rabinsu ba takalmi, in aka haɗa su da yaran yanzu ko ƙwallon ba za su taɓa ba.

Sannan ya tambayi ɗan wane ne ni. Baffa ya faɗa masa, da muryar mai ba da sanarwar rasuwa. Fuskar tsohon ta washe, ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya ce abokinsa ne na ƙut da ƙut. Ya ƙura min ido ya ce, "Kai ne babban? To ai satin wasan nan anka yi sunanka. Ni na riƙe ragon."

Malam Attahiru ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Bayan ragar gabas."

A daidai nan mahaifin Hadiza ya yi sallama ya shigo, ya tarar da baƙo zaune a tsakiyar darduma da hula a hannu, yayansa na murmushi, surukinsu na share hawaye. Na ja jiki na koma bayan Baffa na lafe. Abin da ke raina Nasiru ne kawai. Yaron nan bai taɓa buga ƙwallo ba, bai taɓa zagin kowa ba, ga shi na zo na kwatanta waliyyin yarinyar da zai aura da sa, a cikin zauren mutumin. Na fara tsara yadda zan gaya masa, da garin da zan koma bayan na gaya masa.

Baffa ya gabatar da abin da ya kawo mu. Malam ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da na tabbata ya sha kashe masu laifi da shi kafin hukunci. Sannan ya ce sun bincika, sun samu Nasiru yaro ne mai gaskiya, mai kame baki, kuma yau ya gane dalili: an riga an raba maganar gidan, wani ya kwashe duka. Ya ce sun ba shi Hadiza. Aka yi addu'a, aka raba goro. Nawa goron Malam da kansa ya miƙo min, ya ce in riƙa zuwa, ya daɗe bai ga wanda ya faɗi da kyau haka ba, shi kansa bai kai ni ba.

Muka shiga mota muka dawo Tudun Wada. Da Baffa zai sauka ya ce in bar shi ya gaya wa Nasiru da kansa, kada in ƙara gishiri. Kafin Magariba labarin ya riga ni isa majalisa. Da na zo, ba wanda ya yi min dariya sosai, abin da ya ba ni mamaki. Can sai mai golan rake ya matso ya tambaye ni a hankali ko na san inda wanda ya buga fenaretin nan yake zaune yanzu, da kuma ko yana da 'ya'ya mata.

An yi biki lafiya, Hadiza har ta haihu. Duk Sallah nakan bi Nasiru gaisuwa Ƙofar Dundaye, in zauna a bakin ƙofa, in yi ta kallon darduma.

Abin da na koya kuwa ba wai na daina yabon mutanen da ba ne, wannan sai dai kabari. Na dai gane cewa duk gwanin da ka ji ya yanke wani, wanda aka yanken bai ɓace ba. Ya tashi, ya kaɗe jikinsa, ya yi karatu, ya tara gemu, kuma yana nan zaune a wani zaure yana jiran ranar da danginku za su zo neman alfarma. Saboda haka yanzu kafin in buɗe baki a gaban kowane dattijo, sai na fara tambayarsa cikin ladabi ko ya taɓa buga ƙwallo, kuma lamba nawa.