Awa Biyu a Sama

"Gajiya kuma? Ina matar da mijinta ke leƙo ta sau ɗaya a wata za ta ga gajiya?" in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga maɓallin da take ɗinkawa ba.

Dogo ne, jikanta makaniki, wanda take kira angonta tun yana cikin zanin goyo. Ya zauna a bakin gadon ƙarfe, baƙin mai duk a farcensa. Ƙanwar Kaka na kwance ba lafiya a birnin da aka haife su. 'Ya'yan Kaka sun yi lallashin duniya ta hau jirgi ta je ta dubo ta, ta ƙi. Ta san shi suka turo.

"Amarya, na duba miki. Awa biyu ne kacal a jirgi."

"Maƙaryaci. Garin da na yi kwana uku a bayan babbar mota kafin in iso nan? Ko an matso da shi ban sani ba?"

"Yana nan inda kika bar shi, kilomita dubu da ɗoriya. Motar taku ce ta girme ki."

"Motar nan ta fi ka zuciya, ba ta taɓa kwana a garejinku ba. Kuma cewa aka yi zumunta a ƙafa take, ba a ce a fiffike ba."

"Ki dai ce tsoro kike ji."

"Ni da na raini ubanka, me ya rage in ji tsoronsa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"Wa ke maganar rimi? Jirgi zan hau, tare da ke. Har bel zan ɗaura miki, kada iska ta ɗauke min mata."

Kaka ta yi 'yar dariya, sai kuma allurar ta tsaya a hannunta. Ta tuna buhunan da ta zauna a kai, da marigayi kakan Dogo yana kare mata rana da rigarsa.

"Ranar da muka taso," ta ce, "ƙanwata ta bi motar da gudu har takalminta ya tsinke. Tun daga nan nake ce wa kaina nisa ne ya raba mu. Yanzu ka zo ka ce awa biyu. To me ya riƙe ni duk shekarun nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Yanzu ba ta iya gudu, Kaka. Ke ce za ki bi ta."

Ta share ido da gefen mayafi, ta harare shi.

"Dubi mummuna, wai shi ma ya iya magana."

Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙullin tsumma. Agogon hannun marigayi ne. Ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ungo, ka gyara shi kafin mu tashi. Da shi zan lissafa. In muka wuce awa biyu ko da minti ɗaya, a sama za ka sake ni."

"In kuma muka sauka da wuri?"

"To na yarda ka fi kakanka," in ji ta tana dariya. "Da sauri kawai."