Kwamfuta Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Da zan haɗa kwamfutata, madabod mafi araha na zaɓa, wato babban allon da ake jona sauran sassanta a kai. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, in ka ƙure wa wannan gudu, zafi zai kashe shi." Na ce masa mu a Kazaure zafi ba baƙonmu ba ne.

Na ƙure mata gudu, ta ɗau zafi, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu kamar jarkar ruwan sha. Wallahi ta yi aiki! Sai da na lallasa abokina Sabo a wasan ƙwallo kafin ruwan ya ɗiga ciki, hayaƙi ya tashi.

Har yau in wayar wani ta yi zafi a majalisa, sai Sabo ya ce, "A miƙa wa Injiniya, a ɗebo ruwa!" Oho dai, na ci shi.