Kwana Bakwai da Aka Ɗaure Bakin Makau

Duk wanda ya ci kasuwannin ƙauyukan yammacin Zamfara a shekarun baya ya san Makau Lasifika, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mai tallan maganin gargajiya ne, irin masu ɗaura lasifika a kan keke suna cewa ƙulli ɗaya na maganin basir da shawara da ciwon baya da baƙin jini. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya hore masa baki. In ka miƙa masa hannu da hantsi, to nemi wurin zama, sai azahar za ka karɓi abinka. Matarsa Tumba takan ce asara kawai ya yi da ya sayi lasifika, don ko batir ya mutu babu mai lura.

Da zinariya ta ɓulla a dajin bayan Tungar Kwasau, Makau ya sayar da keken da lasifikar da sauran ƙulle-ƙullen maganin, ya sayi diga da shebur da igiya. Ya yi wa Tumba alkawarin zai dawo kafin damina da kwanon rufi, saboda ɗakinta in ana ruwa gara a tsaya a waje. Ke nan bai bar wa kansa wata sana'a a baya ba. In ramin nan bai ba shi ba, to ba keke, ba lasifika, ba rufi, sai bakin da ya tafi da shi.

Su huɗu suka haɗu a rami ɗaya, a kan duk abin da ya fito za a raba huɗu. Akwai Lawwali da ƙanensa Jaɓɓi, ƙarti majiya ƙarfi waɗanda kan yini ba su haɗa kalma goma ba. Sai uban rami, Baba Labbo, tsoho mai shekara talatin yana bin zinariya daji-daji, bai tara komai ba sai buta ɗaya da dokoki. Ba ya shiga rami, ƙarfinsa ya ƙare. Tun ranar farko da aka fara haƙa aka turo wani faffaɗan dutse duk jar laka daga bakin ramin, Baba Labbo ya sa aka gangara masa shi gindin wata marke, ya mai da shi kujera. A kansa yake cin abinci, a kansa yake alwala, a kansa yake yanke hukunci.

Dokokin kuwa ba a shiga rami da takalmi, ba a yin fito da baki, ba a yin faɗa. Babbar cikinsu ita ce ba a kashe zinariya da baki tun tana ƙasa.

"Kunne gare ta," in ji Baba Labbo, "kuma kunya gare ta awa amarya. In taj ji ana lissahin abin da za a saya da ita, naɗe tabarmatta takai ta ƙara gaba."

Ni dai ban taɓa ganin kunnen zinariya ba, amma na ga mutanen da suka rantse da shi, kuma ba mahaukata ba ne. Makau ma ya ce ya ji, ya yarda. Ya ɗauki rabin yini yana bayanin yadda ya yarda.

Sun yi zurfin gaba uku a ƙasa suka tarar da jijiyar farin dutsen nan na ƙanƙara wanda zinariya ke kwana a ciki. Aka daka kaɗan a turmin ƙarfe, aka wanke a kasko, sai ga ɗan ƙyalli a gindi. Makau ya leƙa ya ce wannan ai kwanon Tumba ne ya fara leƙowa, har da silin. Washegari jijiyar ta tsuke. Aka bi ta da ƙyar ta sake buɗewa, Makau ya ce shi babur zai saya ja, mai madubi biyu. Jijiyar ta karkace. Karo na uku ya tsaya a bakin rami yana zaɓar kujerar Makka, ta gefen taga, don ya ga teku. Kafin la'asar Jaɓɓi ya ɗago kai daga ƙasa ya ce farin dutse ya ƙare, sai baƙi.

Baba Labbo ya zauna a kan kujerarsa ya tara su. Ya ce ba ya korar mutum daga rami, amma bakin Makau ya kore ta sau uku, kuma ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ruwa ɗaya ya isa ya cika ramin. Don haka daga safiyar Asabar zuwa la'asar ɗin Juma'a Makau ba zai furta kalma ba, in ban da salla da amsa sallama. In ya kuskure ko sau ɗaya, rabonsa ya faɗi, a raba uku. Sannan ba zai ƙara sauka ƙasa ba, a sama zai tsaya yana jan guga, kada ta ji ko numfashinsa.

"Baba, ai ko ɗaurin alƙali ana barin mutum ya…"

"Yau Juma'a ta," in ji Baba Labbo. "Hwaɗi duk abin da kaka so, ka yi guzuri."

Ya kuwa yi guzurin, har sai da 'yan ramin da ke maƙwabtaka da su suka aiko a tambaya ko lafiya.

Ranar Asabar ta yi wa Makau tsawon shekara. Magana ta taru masa a maƙogwaro har ya riƙa jin kamar ya haɗiyi gaya bai sha ruwa ba. Duk wanda ya gitta sai ya ƙura masa ido ko zai yi sallama, in an yi kuwa sai ya amsa ta tun daga farko har wabarakatuhu, yana jan kowane harafi. Aminsa a salla ana jin ta har ƙetaren rafi. Abin tausayi ne, wallahi, in ka san mutumin.

Amma shiru na da nasa amfani. Mutumin da bakinsa ya huta, idonsa ke kama aiki. Ranar Lahadi da azahar Baba Labbo na zaune a kujerarsa yana alwala, ruwan buta na gangara ta gefen dutsen yana wanke jar lakar, Makau na tsugune yana kallo don ba shi da abin yi. Sai ya ga dutsen ashe fari ne a ƙarƙashin lakar. Ya ƙara dubawa, ya ga wani zare rawaya ya ratso farin, kauri kamar tsinken tsintsiya, ya shige daidai ƙarƙashin inda tsohon ya ɗora nauyinsa.

Bakin Makau ya buɗe da kansa, ya sa tafin hannu biyu ya toshe. Ya yi gyaran murya, ya miƙa yatsa yana nuna dutsen, yana ɗaga gira.

Baba Labbo ya dube shi sama da ƙasa. "Nuni ma magana ta. Ai da yatsa bebe ka cin kasuwa. Ka ƙara nuni, ko ƙyafce, ko zane ga ƙasa, rabonka ya tahi. Lawwali, kun shaida."

"Mun shaida," in ji Lawwali daga cikin rami.

Makau ya janye yatsansa ya sa a aljihu. Da tsohon ya tashi salla, sai Makau ya lallaɓa ya dangwalo laka ya shafe zaren, kada wani mai wucewa ya gani. Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo masa da shawarar ya jira a watse ya dawo shi kaɗai. Amma Makau ba ɓarawo ba ne, kuma ya yi tunani ya ga ɓarawo sai ya riƙe sirri har mutuwa, shi kuwa kwana bakwai ma na neman kashe shi.

Haka aka shiga Litinin da Talata. Lawwali da Jaɓɓi na ƙasa suna dukan baƙin dutse, hannuwansu duk sun yi kanta sun fashe, Makau na jawo guga cike da abin da bai da amfani yana zubarwa. Baba Labbo na kan kujera yana ba da umarni, a karkata hagu, a'a a koma dama, shi yana jin ƙamshinta, ba ta yi nisa ba. A nan kam tsohon ya yi gaskiya.

Ranar Laraba abin ya so ya lalace. Inna Hajo mai tuwo, wadda ke ciyar da 'yan ramukan wajen, ta zo karɓar kwanoninta, ta tarar Baba Labbo ya miƙe yana miƙa. Ta dubi dutsen ta ce ɗaya daga duwatsun murhunta ya fashe, ko zai taimaka mata da wannan.

"Ɗauki, Hajo. Dutse ai ba shi da wuya wurin ga."

Makau ya saki igiya, ya yi tsalle ɗaya ya zauna daram a kan dutsen, ya harɗe ƙafafu yana kallon sama.

Baba Labbo ya yi sororo. "Kai, ɗan nan. Kujerata?"

Makau ya gyara zama.

"Ashe da baki ya rufe, rashin kunya ta sauka ƙasa? Tashi. Hajo, yi haƙuri, nemi wani. Wanga dutse ba mai ɗaukar shi, ba mai zama bisa nai, sai ni. In gani."

Ya ture Makau ya zauna da ƙarfi, ya dafe gwiwoyi. Daga ranar Makau ya samu dabara. Da ya ga tsohon ya motsa zai tashi, sai ya ɗan matso yana kallon dutsen da sha'awa, nan take Baba Labbo ya koma ya zauna yana harararsa. Salla kaɗai ke ɗaga shi, ita ma yana sallamewa yake komowa da sauri. Kwana biyu tsohon nan ya yi a kan dutse har ƙafafunsa suka kumbura, yana ganin shi ke horar da Makau.

Juma'a ta zo da hadari baƙi ƙirin a gabas, iska mai sanyi ta fara kaɗa ganyen marke. Bayan la'asar Lawwali da Jaɓɓi suka fito daga rami, sun yi fari fat da ƙura, babu ko ɗan ƙyalli. Baba Labbo ya yi ajiyar zuciya daga kan kujerarsa. Ya ce shi ke nan, ta tafi, an makara wajen ɗaure bakin, tun kujerar Makka ta bar dajin. Kowa ya haɗa kayansa kafin ruwa ya sauko. Muryarsa ta yi rauni da ya faɗa, don shi ma shekara ta talatin da ɗaya ke nan zai koma gida da buta.

Sannan ya juya. "To, Makau, ka cika wa'adi. Rabonka na nan, kashi ɗaya cikin huɗu na babu. Buɗe bakinka mu ji."

Jaɓɓi ya nemi wuri ya zauna, Lawwali ya jingina da marke, kowa ya shirya wa ambaliya. Makau ya lashi leɓe, ya gwada muryarsa kamar mai gwada tsohuwar rediyo.

"Baba, tashi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ƙanƙantar maganar ce ta tsorata tsohon har ya miƙe bai sani ba. Makau ya karɓi guduma daga hannun Lawwali, ya ɗebi ruwan butar ya watsa wa dutsen, ya yi bisimilla ya sauke masa sau uku. Dutsen ya dare biyu. Zaren rawaya ya ratsa shi ko'ina, kuma a tsakiya ga wani curi kwance, ya kai ƙwallon dabino.

Inna Hajo da ta zo da tuwo ta ajiye kwano a hankali tana salati. Baba Labbo ya durƙusa ya shafa curin da yatsa, hawaye na bin gemunsa.

Jaɓɓi ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya dubi tafin hannunsa da ya fashe, ya dubi Makau. "Tun yaushe kag gani?"

"Tun Lahadi da azahar."

"Lahadi," in ji Lawwali. "Kwana biyar muna sarar baƙin dutse, kana jan guga kana kallonmu."

"Na nuna, anka ce nuni magana ta. Kun shaida."

Baba Labbo ya miƙe yana dafa ƙugu, kunya da murna da haushi duk sun haɗu a fuskarsa. "Haba Makau. Kai da ba ka iya riƙe sunan babur, wagga ce kar riƙe? Kalma guda za ka hwaɗi. Wa zai taɓa rabonka kan wagga magana? Ka bar ni zaune bisa arziki kamar kaza, ƙahwahuna sun kumbura, ina cewa a yi hagu a yi dama."

Makau ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"To Baba, kai kac ce kunne gare ta, kuma gudu gare ta. Da na yi magana ka yi zumbur ka tashi, wa zai danne muna ita?"