Kujera Mai Rami

Da na dawo Gure da takardar lakwal, wato makarantar boko, sai na ga, a ganina dai, bai dace Baba ya ci gaba da karɓar baƙi a kan tabarma ba. Ana gwanjon kayan wani Nasara da zai koma ƙasarsu, na sayo tebur da wata kujera mai rami a tsakiya. Kwana biyu ina nazarin ramin, don ba na son gaggawa. Na yanke cewa wataƙila na shan iska ne.

Na naɗe tabarmi, na kafa kujerar a zaure, na ɗora Baba ranar da dattawa suka zo gaisuwa. Ya hakimce.

Baffa Bukar, tsohon kukun Nasaran, ya shigo ya ja burki, ya dubi Baba.

"Yaya, in za ka daɗe, mu jira a waje?"

"Saboda me?"

"Ina tukunyar da ake sawa ƙarƙashi? Ai bayan gidan Nasara ne."

Baba ya miƙe a hankali, ya ce a mayar masa da tabarmarsa.

Har yau, in na kawo shawara a taro, sai wani ya ce, "Mai ilimi, ka dai leƙa ƙarƙashi?"