Gwanar Ɗanɗanon Shinkafa

Tun cikina na biyu bai tsufa ba nake fargabar kada shinkafar suna ta caɓe. Sai na karɓo ɗanɗano wurin mutum uku, na dafa kowace daban. Ta mutumin Kaoje na ce dama-dama, ta mutumin Sharabi ba yabo ba fallasa. Ta ɗan Benin kuwa, har guɗa na yi!

Na ce wa mijina, "Malam, harshena ba ya ƙarya, wannan 'yar waje ce!"

Da buhun da na saya wurin ɗan Benin ya iso, Malam ya duba bakin buhun, ya tuntsire da dariya. "Ɗinkina ne. Ni na noma ta, na sayar a Kaoje."

Har yau uwar mijina Kwastan take kirana, wai mai gano shinkafar waje. Don Allah, in kun zo suna, ku ci ku yi shiru.