Tsakin da ya shiga faifai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka je sauraren waƙoƙinmu kafin a tura su Kano. Ni ce uwar ƙungiyar matan Ƙofar Guga masu kiɗan ƙwarya a gidan biki. Ban kiɗa, ban waƙa (muryata ta faɗa ce kawai). Aikina sa ido: wadda ta makara, wadda ta yi dariya cikin amshi, wadda ɗankwalinta ya zame.

Da muka yanke shawarar buga faifai, wani Malam Nafi'u mai situdiyo a Ƙofar Marusa ya ɗauki muryoyinmu. Tun ranar farko ya roƙe ni in zauna waje. Na ce ma shi ban kawo matan mutane in bar su cikin ɗakin da aka liƙe da katifa ba. Na ja kujera na zauna gefen Ladidi, zabiyarmu. Na hana sa awarwaro, na karɓe wayoyi, masu goyo na sa suka bar 'ya'yansu gida.

Bayan an gama ya kira mu. Ya ce saura mastarin, wato gyaran ƙarshe da ake yi a Kano, inda ake ɗaga sauti a daidaita shi kafin a kwafa a faifai. Amma akwai wata 'yar ƙara da ke gilmawa cikin kowace waƙa, kuma idan aka ɗaga sauti da ita za a ɗaga. In an buga faifan kuwa, ba gyara.

Ya kunna mana. Na ji ta, siririya, kamar an tsaga ƙyalle.

Nan take na juya wajen Baraka. Baraka baƙuwa ce a cikinmu, daga ƙauye suka dawo unguwar Kambarawa, tana suyar awara, kuma bakinta ba ya rabuwa da cingam. Na ce ƙarar cingam ce. Ta rantse ta tofar da shi tun a ƙofa. Ban saurare ta ba. Na miƙe a gaban kowa na yanke hukunci: duk mai wannan ƙara, za a cire sunanta daga bangon faifai, kuma ba ita ba ƙungiya. (Bangon da ni ko sunana ban iya ganewa a jikinsa ba, amma na fi kowa zaƙewa a kansa.) Baraka ta sunkuyar da kai. Da ƙyar mijinta ya bar ta ta shigo ƙungiyar, sunan nan ne abin da za ta nuna ma shi.

Malam Nafi'u ya ce a bari ya duba, tunda kowane makirfo da layinsa daban a kwamfuta. Ya kashe sauran ya bar na Baraka kaɗai. Amshi ne tas, ƙarar can nesa-nesa. Na ce ai ta iya kauda kai. Ya bi na sauran ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan na Ladidi. A nan ƙarar ta fito sosai. Ya ƙara mata murya, ya sake kunnawa.

Na lura ba mai kallon Ladidi. Wannan na kallon silin, waccan na gyaran gyale, shi kuma Malam Nafi'u ya duƙufa neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Na ce, "Wai ba mai baki ne a cikinku?"

Raina ya ɓaci, na ja tsaki.

Daidai lokacin lasifika ta ja nata. Tsawonsu ɗaya, kaifinsu ɗaya, har 'yar lanƙwasar ƙarshe.

Ladidi ce ta fara cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Sai sauran suka bi. Ashe duk inda wata ta yi kuskure ko ta saki amshi, ni ce nake sa hannu da tsaki, a kunnen makirfon zabiya. Kuma ashe duk sun gane tun kunnawar farko, tsorona ya hana su faɗa.

Sai na ce wa Malam Nafi'u hukunci hukunci ne, ya cire sunana. Na juya na ba Baraka haƙuri, abin da matan nan ba su taɓa jin na yi ba. Ta share ido da bakin gyale, ta ce, "Malam, bar sunan Gwaggo. Ai ta fi kowa fitowa a faifan."

Bawan Allah nan ya zauna yana tsince tsakina kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Guda ɗaya ya gagara, don ya hau kan muryar Ladidi, in aka yanke shi sai an yanke baitin. Haka ya tafi Kano, aka goge shi ya yi ƙyalli, aka kwafa. Yanzu duk bikin da aka sa faifan, matanmu kan yi shiru su jira wurin, su ja tare da ni.

Har gobe ina sa ido, ban fasa ba. Amma in za a ɗauki murya, waje nake zama da goro a baki, don na gane cewa bakin da ban taɓa bincika ba a ƙungiyar nan shi ne nawa.